Ƙayar Ƙarshen Fili

Ormož, farkon watan Maris

Zuwa ga Yayata Slavka,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da kewa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Bruno. Yaya ƙafar tasa? Yaya kunnen naki? Tunda kin ce ba kya jin komai a waya, ni kuma na gaji da ihu a gareji har masu kawo gyaran tarakta suna zaton faɗa nake da wani, to ga shi na koma biro da takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun makanike ne. Mu nan lafiya lau. Matata Darinka tana gaishe ki, ta ce man 'ya'yan kabewar da kika roƙa yana nan ta ajiye miki.

Ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Ranar Lahadi muna cin abincin rana, Neža ta ajiye cokali ta ce, “Baba, ina so in koyi tuƙin jirgin sama, na gaske, da lasisi.” Yaya, saura kaɗan miya ta shaƙe ni. Na tashi na rungume ta har na kifar da gishiri, uwarta tana cewa, “Shi ke nan, mahaukaci ɗaya bai ishe ni ba, an ƙaro mini na biyu.” Shekara nawa ina jiran wannan magana! Kin tuna ta tana ƙarama, ina ɗora ta kan matashi biyu a cikin tsohon jirgina mai ruwan ɗorawa don ta iya hango waje.

Sai dai murnar ba ta kai ƙarshen abincin ba. Na san abin da za ki ce, don shi Darinka ta ce: ai kai malamin tuƙi ne, sai ka koya mata. To ki gyara tabarau ki karanta a hankali. Takardar koyarwa iri biyu ce, kuma tawa ƙaramar ce. Ta ba ni izinin koyar da wanda ya riga ya zama matuƙi. Wanda izininsa na tuƙa ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ya ƙare yana son sabuntawa, nawa ne. Wanda ya saba da jirgi mai taya a hanci yana son koyon irin nawa mai 'yar taya a wutsiya, nawa ne. Mai son koyon jan jiragen nan marasa inji da igiya, shi ma nawa ne. Amma sabon shiga, wanda bai taɓa riƙe lasisi ba, ko zagaye ɗaya na yi da shi ba za a lissafa masa ba. Wannan sai mai babbar takarda, kuma a ƙungiyarmu ta matuƙa mutum ɗaya ne yake da ita: Gašper, ɗan gayun nan mai farar riga, wanda ni da kaina na koya wa sauke jirgi mai tayar wutsiya, ran farko ya kusa shigar da mu gonar masara.

Ban taɓa damuwa da neman babbar ba. Sai mutum ya ci jarrabawa irin ta manyan matuƙa, sannan ya yi kwas, ni kuwa kin san yadda muke da littafi. Na ɗauka lokaci yana nan.

Kin tuna al'adarmu a filin jirgi, don kin gani a nawa har kina zagin marigayi malamina. Ranar da ɗalibi ya fara tashi shi kaɗai, yana can sama malaminsa zai ruga ya yanko damin ƙaya mai fure. Idan ya sauko a damƙa masa, ba safar hannu, ya riƙe gam kowa yana tafi, wai don hannunsa ya koyi riƙe sandar tuƙi a hankali. Ni ne mai yanke ciyawar fili da tarakta, kuma akwai wani lungu a can ƙarshe, gefen rafi, da kullum nake zagaye shi. Daga nan ake yanko wa kowa. Neža tana 'yar shekara shida ta tsaya a wurin ta nuna da yatsa ta ce, “Wannan tawa ce, Baba, kai za ka yanko mini.” Na ce ni zan yanko.

Saboda haka na ce mata ta dakata mini shekara ɗaya in samo babbar takarda. Ta yi ta juya cokali, can ta ce, “Baba, da kaka zan tafi jami'a Ljubljana. Wannan bazarar kaɗai gare ni.” Na ce jirgi ba ya guduwa. Uwarta ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Na riga na sayo littattafan, guda nawa, kowanne ya yi kaurin bulo. Ki yi mini addu'a, don kaina ya fi sanin man inji da harafi. Ki gaida Bruno, ki ce ya rage gishiri.

Ni ne ƙaninki,
Lojze


Ormož, ƙarshen watan Mayu

Yayata Slavka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya kuma iskar teku tana yi wa Bruno daɗi. Na samu takardarki, na kuma karanta wurin da kika ja wa layi biyu, wai in bar yarinya ta yi abinta. Sannu da ƙoƙari. Ai ba ta jira iznina ba balle naki.

Ta yi rajista da Gašper. Ba a bakinta na ji ba, a allon rumfar jirage na gani, sunanta da alli a ƙarƙashin nasa. Tsoho Ferdo, shugaban ƙungiyarmu, yana tsaye a bayana yana shan kofi, ya ce, “Lojze, an ƙwace maka ɗaliba tun ba ka buɗe makaranta ba.” Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na yaƙe baki. Da na koma gida na ce mata, haba Neža, sai dai in gani a allo kamar baƙo? Ta ce, “Sau uku ina ɗauko maganar, kana cewa jirgi ba ya guduwa.” Sai na fita na doko ƙofa.

Na je Ljubljana na zauna jarrabawar farko. Ke dai bari. Ɗaki cike da yara sa'o'in Neža, kowa yana danna kwamfuta, ni ina neman tabarau. Ni da nake kallon gajimare ta bayan tsauni in faɗa miki ƙarfe nawa ruwa zai sauko, sai ga shi a darasin yanayi na faɗi. Sun ce in dawo da kaka. Darinka kaɗai na gaya wa, sai ke yanzu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar ta iya. Ina jan marasa inji ranar Asabar ina hango su daga sama a cikin farin jirgin ƙungiya, tana tashi tana sauka, sumul. Na ce a raina, ai dole, hannuna ne. Sai ga Gašper ya same ni a wurin shan mai, da ladabinsa, ya ce, “Kawu Lojze, Neža tana jin jirgi a jikinta, wannan daga wajenka ta samo. Amma ba ta kallon agogunan gaba masu nuna tsayi da gudu ko kaɗan, sai na yi ta fama.” Na ce ni shekara talatin ina tashi, agogo bai taɓa sauke ni ba. Ya ce, “Gaskiya ne, amma mai jarrabawa zai tambaye ta.” Bai faɗi ƙarya ba, shi ya sa abin ya ƙara ɓata mini rai.

A gida kuma ba dama in buɗe baki. In na ce ki riƙa rage wuta tun kina kan bishiyoyin rafi, sai ta ce, “Malamina ya ce sai na wuce su.” Malamina, Yaya! A kan teburina, tana cin burodin da na sayo. Ran nan na ce to ki je malamin naki ya gyara miki kekenki. Darinka ta ce, “Lojze, girma dai ya zo maka, hankali ne ya tsaya a hanya.” Neža ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki.

Na san kina can kina girgiza kai. Ni dai abu ɗaya na roƙa, shekara ɗaya tak. Yarinyar da na jira shekara goma sha tara, ita ba za ta iya jira na ɗaya ba?

Ƙayar lungun rafi ta yi tsawo bana, ta kai ƙuguna, ta fara ƙunshe fure. Shamuwa ta ƙyanƙyashe a kan bututun hayaƙin makaranta. Ki gaida Bruno.

Ƙaninki,
Lojze


Ormož, tsakiyar watan Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Bruno, Allah ya sa kuna lafiya. Mu ma jiki lafiya. Sauran kuma ki karanta ki gani, amma ki zauna tukuna.

Ranar Alhamis na je yanke ciyawar fili da yamma. Ina ɗaura injin yanka a bayan tarakta sai na jiyo Ferdo ta tagar kantin ƙungiya yana ce wa mai dafa kofi, “Ki tanadi kek ɗin gibanica ranar Asabar, 'yar Lojze za ta tashi ita kaɗai in iska ta yi kyau. Gašper ya ce ta nuna.” Kowa ya sani ke nan, har mai kofi, ban da ni.

Na hau tarakta na fara yanka. Na yi tsawon fili na dawo, na sake, zuciyata tana tafasa. Da na kai ƙarshe, gefen rafi, inda kullum nake karya sitiyari in zagaye, ban karya ba. Ba zan ce miki hannuna ne ya kuɓuce ba, ina sane. Na bi ta kai, na juyo na sake bi, har na sauko na duba ko akwai wadda ta tsira, na samu 'yan biyu a bakin ruwa na tattake su da takalmi. Abin da nake faɗa a raina shi ne, in ba ni zan yanko mata ba, to mai farar riga ma ba zai samu ba. Wurin ya yi fes kamar filin ƙwallo. Har wani daɗi na ji, kuma daɗin ya raka ni har gida.

Ranar Asabar da safe Neža ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta ta ce, “Baba, za ka zo fili yau?” Na ce ina da taraktar mutane a gareji, manoma ba sa jira. Ta ce to. Ta daɗe a tsaye tana gyara igiyar jaka, sannan ta tafi.

Kin san garejina yana daidai ƙarƙashin inda jirage suke juyawa in sun tashi. Ina kwance ƙarƙashin tarakta na ji farin jirgin ya wuce, ya sake wucewa, da nauyin mutum biyu. Sai shiru na ɗan lokaci. Da ya sake tasowa, tun kafin in gan shi na sani. Jirgi in malami ya fita yakan yi sauƙi, ya hau sama da wuri, ƙararsa ma takan canza. Na fito da gudu har na buge goshi. Ga shi can ya fi kullum tsayi, kujerar dama ba kowa. 'Yata ce ita kaɗai a sama, ni kuma ina tsakar gareji da sifana a hannu.

Na ce bari in hau mota, ai fili ba nisa. Na shiga har na kunna. Sai na tuna abin da za su tarar a gefen rafi, na kashe.

Darinka ta je, ita ta ba ni labari, kuma ba ta rage mini komai ba. Yarinya tana sama, Gašper ya ɗauki almakashi ya ruga ƙarshen fili, sai ya tsaya cak. Aka watsu neman ƙaya. Ina za a samu? Gonakin masara da kabewa ne kewaye, duk an yi musu feshi, filin kuma na share shi tas. Ga jirgi ya juyo zai sauka. Sai Ferdo, da cikinsa da komai, ya yi gudu kanti ya zaro furen robar nan da ke kan tebur tun zamanin da, mai ƙura. Shi aka ba ta. Ta sauka lafiya, sauka mai kyau, ta fito tana dariya, ta miƙa hannu biyu ta rufe ido tana jiran suka, sai ta ji roba. Darinka ta ce ta buɗe ido ta dubi furen, ta dubi ƙarshen fili, sannan ta bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambayi kowa ba. Duk fili an san wa yake tuƙa tarakta.

Da suka dawo gida Neža ta wuce ni ta shige ɗaki. Uwarta ce ta sa furen robar a kwalba ta dangwarar a tsakiyar teburin cin abinci, ta ce, “Nan zai zauna, kuma wanda ya taɓa shi zai gamu da ni.” Yana nan har yanzu, da shi nake karya kumallo.

Kada ki rubuto mini faɗa, Yaya, na riga na yi wa kaina. Ko kuma ki rubuto, wataƙila ya fi wannan shirun.

Lojze


Ormož, watan Agusta

Yayata Slavka,

Bayan gaisuwa, ina fata zafin bana bai takura muku ba. Takardarki ta iso. Kin wanke ni tas, na gode, ba kalma ɗaya da zan mayar. Da na zo wurin da kika ce ko babanmu da zafin ransa bai taɓa yin irin wannan ba, sai da na ajiye takardar na fita waje.

Gašper ya zo gareji da kansa. Na zaci faɗa ya kawo, har na shirya, ina ma shi ya kawo. Ya zauna kan tsohuwar taya da farar rigarsa ya ce, “Kawu Lojze, akwai abin da ya kamata ka sani. Tun ranar da Neža ta yi rajista ta kafa mini sharaɗi. Ta ce ni zan koya mata, amma ƙaya babanta ne zai yanko. Na kai maganar gaban Ferdo, ya ce al'ada ta ce malami, amma wanda ya ɗora ta kan matashi biyu ai shi ne malamin farko. Almakashin da na ɗauka ran nan, kai aka ajiye wa. Da ba ka zo ba ne na ɗauka.” Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ya ce, “Ita ta hana. Wai so take ta ga fuskarka.”

Kin ji, Yaya. Shi ya sa ta tsaya a ƙofar kicin tana gyara igiyar jaka.

Tunda na fara, bari in ƙarasa miki. Ko da ta jira ni shekarar nan da na nace, ba ni zan sallame ta ta tashi ita kaɗai ba. Sabon mai babbar takarda ba a ba shi wannan iko sai ya daɗe yana koyarwa a ƙarƙashin wani. Yana cikin littafin da na sayo, na karanta shi tun watan Afrilu, na rufe shafin na ci gaba da cewa shekara ɗaya tak. A ƙarshe dai Gašper ne zai fita daga jirgin ya ce mata tafi. Abin da ya rage nawa ƙayar ce kawai, ita kuwa an riga an ba ni.

Na ba Neža haƙuri. Na same ta tana wanke kekenta, na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce na yi kuskure. Ta ce, “Na ji, Baba.” Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Tana gaishe ni da safe, tana miƙo mini gishiri in na roƙa. Amma ta daina ba da labarin tashi a tebur. Yanzu ni nake marmarin in ji ta ce malamina ya ce, ba ta cewa.

An fara fasa kabewa a gonaki. Ki gaida Bruno, ki ce na ji daɗin kifin da ya aiko.

Ƙaninki,
Lojze


Ormož, ƙarshen watan Oktoba

Zuwa ga Yayata Slavka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da Bruno. Na ji an sa miki na'urar kunne, barka. Duk da haka wannan labarin ba na waya ba ne, gara in rubuta.

Neža ta ci jarrabawa, ta karɓi lasisinta kafin ta tafi jami'a. Mai jarrabawa ya yabe ta, har da kallon agogo. Kin ga ke nan yanzu ta zama matuƙiya, kuma ƙaramar takardata ta hau kanta.

Ban yi mata maganar ba, ban isa ba. Sai wata Asabar na shiga rumfa na ga allo: sunana da alli, a ƙarƙashinsa nata, an rubuta koyon tayar wutsiya. Ferdo yana bayana da kofinsa kamar kullum, amma wannan karon bai yi tsokana ba, sai ya ce, “Ga ɗalibarka, saura ka bi ta kanta da tarakta.” To, ya ɗan yi.

Ta zo daga Ljubljana a jirgin ƙasa, ta tsaya gaban jirgina ta ce, “Malam, na shirya.” Ban san ko zolaya ce ko hukunci ba, ina jin duka biyun ne. Muka yi Asabar uku muna tashi. Jirgi mai tayar wutsiya da ƙafa ake sauke shi, ana taka fedar juya wutsiya, in ka yi sakaci sai ya juya da kai kamar akuyar da ta ga gona. Ran farko ta yi ta tangal-tangal a kan ciyawa, na ce ƙafa, Neža, ƙafa, kada ki jira ya fara! Ta ce, “Na ji, ka daina ihu, ba Gwaggo Slavka ba ce.” Muka yi dariya mu biyu, karo na farko tun watan Yuli. Ki yafe mana.

Amma ina zaune a bayanta ina kallon yadda take komai. Yadda take duba jirgi kafin tashi, yadda take magana a rediyo, yadda take taɓa kowane agogo da yatsa tana kiran sunansa, duk na Gašper ne. Kuma daidai ne, ba abin gyarawa. Ranar da ta fara jin jirgi ya bar ƙasa a hannunta, ranar da ta fara tsorata, ranar da ta fara sauka ba a taɓa mata sanda ba, duk an yi su ina can ina fushi a gareji. Da na zo fili ko a bakin shinge ne da na gani. Ni abin da ya rage mini in koya mata ƙafa ce kawai, ita ma ta kama da wuri.

Asabar ta ƙarshe ta yi sauka uku a jere, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Na ce tsaya a nan. Na kwance bel na fita, na ɗaure na kujerata don kada ya kama sanda, na ce tafi ki zagayo. Ta dube ni ta ce, “Jirginka fa, Baba.” Na ce na sani. Ta tafi, ya yi sauƙi ya hau da wuri, ruwan ɗorawarsa yana ɗaukar rana.

Ni kuma na ruga ƙarshen fili da wuƙar aljihu, da wannan gwiwar tawa. Ƙayar ta sake tohowa bayan yanka, amma ba ta yi kara ba balle fure. 'Yan ganye ne shimfiɗe a ƙasa, kore shar, masu laushi. Na durƙusa na tsittsinko abin da na samu, bai cika tafin hannu ba.

Ta sauka, ta kashe inji, ta fito. Ba taro, ba tafi, daga ni sai Ferdo can nesa yana yi kamar yana gyaran ƙofa. Na miƙa mata. Ta karɓa ta damƙe da hannu biyu, ta matse sosai, tana kallona. Ta daɗe a haka. Sannan ta buɗe hannu ta duba, ko ja bai yi ba.

Ta ce, “Ba ta suka, Baba. Ka yanke ta da wuri.”

Na ce baɗi za ta yi tsawo. Ta ce, “Za ta yi. Wani zai samu.” Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Ta naɗe ganyen a hankici ta sa a aljihun riga, ta sumbace ni a goshi, daidai inda na buge, ta ce jirgin ƙasa ba ya jira. Na kai ta tasha.

Af, na manta ban gaya miki ba, na koma na ci jarrabawar yanayi. Sauran ma ina bi a hankali, Gašper yana taimaka mini da lissafi. In Allah ya yarda baɗi zan yi kwas in karɓi babbar takarda. Ferdo ya ce har an samu mai jira, wani likitan haƙori daga Maribor da matarsa ta ba shi kyautar darasi. Shi zan koya wa tun daga farko.

Jiya na yi yankan ƙarshe na bana. Da na kai gefen rafi na karya sitiyari na zagaye. Furen roba yana nan a tebur. Darinka ta ce ya isa haka, in ɗauke shi in na ga dama, na ce ta bar shi.

Ki gaida Bruno da kyau. In kin rubuta wa Neža, kada ki ce na faɗa miki komai. Ki tambaye ta kawai yadda ranar farko ta kasance a can sama ita kaɗai, abin da ta gani da abin da ta ji, sai ki rubuto mini. Ni ban samu ji ba.

Ni ne ƙaninki mai ƙaunarki,
Lojze